Na yi aikin binne sharar yuraniyom a Akokan

An haife ni a Arlit, a jihar Agadas ta Jamhuriyar Nijar, a farkon shekarun 1980, cikin unguwannin da ake kira Bukkoki, inda leburori da 'yan ci-rani suka kafa matsugunansu a gefen gidajen ma'aikatan ma'adinai. Mahaifina mutumin Adar ne. Farin 1973 da 1974 ne ya raba shi da gona da 'yan dabbobin da ya gada, ya bi sahun masu neman abinci zuwa arewa, domin a lokacin labari ya game ƙasa cewa an kafa gari a tsakiyar hamada inda ake biyan lebura kuɗi a hannu. An fara fitar da yuraniyom, ma'adinin da ake samar da makamashin nukiliya da shi, daga buɗaɗɗen ramin Arlit a 1971, sannan a 1978 mahaƙar Akuta, wadda ke ƙarƙashin ƙasa da zurfin kimanin mita 250, ta soma aiki, garin Akokan kuma ya tashi a kusa da ita. Baba bai taɓa zama cikakken ma'aikacin kamfani ba. A hannun ƙananan 'yan kwangila ya ƙare ƙarfinsa, yau dako, gobe haƙa, jibi share fili, kuma duk lokacin da kwangila ta ƙare sai a sallame shi ba tare da wata takarda da ke nuna inda ya yi aiki ko abin da ya shaƙa ba.

Ina ba da labarina ne saboda daga baya ni ma na ci abinci a wannan ƙasa, sai dai nawa aikin shi ne kwashewa da binne abin da haƙar ta bari. Aiki ne da za a daɗe ana yinsa a ƙasarmu, kuma yawancin waɗanda za su riƙe shebur da sitiyari a cikinsa 'ya'yan talakawa ne irina, waɗanda yunwa za ta kai su bakin ƙofa tun kafin wani ya yi musu bayanin abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu.

Mun tashi cikin ƙura, kuma ba mu ɗauke ta a bakin komai ba, domin duk wanda ya zauna a Abzin ya san iska ba ta hutawa. Da yamma baba yakan dawo da kayan aikinsa a jikinsa, inna ta kakkaɓe su a tsakar gida inda muke wasa, ta wanke su a bahon da ake yi mana wanka. A kasuwa ana sayar da tsofaffin ƙarafa da bututu da ganguna, maƙera suna mayar da su ƙofofi da murhu da mazubin ruwa, kuma babu gidan talaka da ba za ka tarar da irin waɗannan kaya a cikinsa ba. Ba na cewa duk ƙarfen da ya shiga gidanmu gurɓatacce ne, domin ba wanda ya taɓa auna shi. Abin da nake cewa shi ne tambayar kanta ba ta taɓa zuwa zuciyar kowa a cikinmu ba. Na yi lakwal har na shiga kwaleji, sannan na bari na zama yaron mota, na koyi tuƙin kamiyo, daga baya na iya sarrafa manyan injunan tura ƙasa.

Ciwon baba ya fara ne da tari wanda ya ƙi jin magani. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, numfashi ya soma gagararsa idan ya yi 'yar tafiya, daga bisani muka fara ganin jini a kakinsa. Muka kai shi Agadas, aka tura mu Yamai, muka sayar da abin da za a iya sayarwa. A can ne likita ya kira ni gefe ya ce ciwon dajin huhu ne kuma ya riga ya yi nisa. Sannan ya yi mini tambayoyin da har yau suke dawo mini: a wane wuri ya yi aiki, shekara nawa, ya taɓa shiga ƙarƙashin ƙasa, an taɓa rataya masa na'urar awo, kuma ina takardar sakamakon? Ban iya amsa ko ɗaya da tabbaci ba. Na koma wurin baba na tambaye shi, ya ce, “Ɗana, duk inda aka ce in je nan na je, ban riƙe lissafi ba.” Abu ɗaya da na iya faɗa wa likita babu shakka shi ne baba ya daɗe yana shan taba.

Likitan mutumin kirki ne, bai yi mini ƙarya don ya kwantar mini da hankali ba. Ya ce taba kaɗai tana iya kawo wannan ciwo, iskar radon da ke fitowa daga duwatsun yuraniyom ita ma tana iya kawo shi, idan kuma suka haɗu a huhu ɗaya haɗarin yakan ninka ƙwarai, amma babu gwajin da zai duba ƙari ya ce ga wanda ya haifar da shi. Muka mayar da baba ƙauyensu kamar yadda ya roƙa, a can Allah Ya karɓi ransa. Na yarda da ƙaddara, kuma na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma akwai wani nauyi dabam da mutuwar, wato rashin sanin ko abin da ya ciyar da mu shi ne ya cinye shi. Na yi shekaru ina juya wannan tambaya cikin dare, wani lokaci in ji haushin taba, wani lokaci in ji haushin ƙasar da aka haife ni, kuma babu inda zan kai ƙara domin babu takarda ko guda.

A daidai waɗannan shekaru ne maganar gurɓata ta fito fili a garinmu. Ƙungiyar kare muhalli ta Aghirin'man da ke Arlit, wadda Almoustapha Alhacen ya jagoranta, ta gayyato masana daga CRIIRAD, wata cibiyar awo mai zaman kanta a Faransa, kuma a ƙarshen 2003 suka tarar da ƙarafa masu fitar da tiririn nukiliya ana sayar da su a kasuwa. A watan Nuwamba na 2009 ƙungiyar Greenpeace mai fafutukar kare muhalli ta zo ta yi nata awon, ta ba da sanarwar cewa a wani wuri a titunan Akokan tiririn ya kai kusan ninki 500 na abin da aka saba samu a yankin. Dalilin shi ne an taɓa yin cikon hanyoyi da duwatsun da aka fitar daga rami, waɗanda yuraniyom ɗin cikinsu bai kai yawan da za a sarrafa ba. An yi ta jayayya a kan wasu alƙaluman, amma bayan haka aka shiga bin tituna da na'ura, ana sa alama a wuraren da awo ya hau, ana haƙe su, ana mayar da ƙasar cikin harabar ma'adinai. Wani ɗan kwangila da ya samu kaso a aikin yana neman direbobi, aka yi mini magana.

Inna ta ƙi sam. Ta ce, “Abin da ya ɗauke mini ubanka, shi za ka je ka ɗebo da hannunka?” Maiɗakina tana goyon ɗanmu na fari a lokacin, ba ta ce komai ba, amma na ga tsoro a fuskarta. Ni kuwa abubuwa biyu ne suka rinjaye ni. Na farko babu wani aikin a hannuna, kuma nauyin gida biyu ya dawo kaina. Na biyu, ƙasar da za a kwashe tana kan hanyar da yaranmu ke bi zuwa makaranta, kuma dole wani ya kwashe ta. Na yi istihara, na je na durƙusa gaban inna na yi mata alƙawari ɗaya, cewa ba zan yi aikin a makance ba, duk abin da aka auna a jikina sai na san shi kuma sai na ajiye shaidarsa. Da wannan sharaɗi ta sa mini albarka.

Kafin mu fara, wani jami'in kariya, dattijo mai haƙuri wanda yake bayani da Hausa da Tamajak ga waɗanda ba su jin Faransanci, ya zaunar da mu. Ya ɗora na'urar awo a kan yashi, muka ji tana ƙara jefi-jefi, sannan ya matsar da ita kusa da wani dutse da ba shi da wani bambanci da sauran a ido, sai ƙarar ta haɗe ba tsayawa. Jikina ya yi sanyi, domin dutsen ba ya wari, ba ya zafi, ba ya ƙyalli, kuma da a hanya na gan shi zan iya zama a kansa in sha shayi. Ya ce haɗarin yana zuwa wa ma'aikaci ta hanya uku. Akwai tiririn gamma, wanda ke ratsa tufafi da fata daga waje, kuma maganinsa shi ne rage lokacin da kake tsaye a wurin, da nisantar tulin, da samun wani abu mai kauri tsakaninka da shi. Akwai ƙura, wadda ke ɗauke da burbushin yuraniyom da radiyom, wani sinadari mai tiriri da ke tare da shi a cikin dutsen. Tiririn alfa da ke fita daga irin wannan burbushi ko takarda bai iya hudawa, amma idan ƙurar ta shiga huhu ko ciki, babu sauran fata da za ta tare shi, sai ya riƙa dukan naman da ya manne a kai. Sannan akwai radon, iska marar launi da wari da ke fitowa daga radiyom, wadda ke taruwa a rami da rufaffen ɗaki da duk inda iska ba ta zagayawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa radon a cikin manyan abubuwan da ke haddasa dajin huhu bayan taba. Da ya faɗi haka na tuna baba, na sunkuyar da kai.

Shi ne ya koya mana ma'aunin da ake kira milisibat. Ya ce kowane ɗan Adam yana samun kimanin 2.4 a shekara, a matsakaicin lissafi na duniya, daga ƙasa da sama da abincin da yake ci. Abin da aka yarda wani aiki ya ƙara wa mutumin gari shi ne 1 a shekara, ma'aikacin da ake sa wa ido kuma iyakarsa 20. Ya ja kunnenmu cewa 20 ɗin iyaka ce da ba a son a kusanta, kuma ƙa'idar aikin ita ce a rage adadin gwargwadon iko ko da yana ƙasa da iyakar. Ya ce abin kamar bashin mai kanti ne, kaɗan-kaɗan ake rubutawa amma ba a gogewa, kuma ciwon da yake iya jawowa yakan ɗauki shekara goma ko ashirin ko fiye kafin ya bayyana, lokacin da mutum ya riga ya bar aikin ya manta. Wani a cikinmu ya tambaya ko shan madara yana wanke abin daga jiki, kamar yadda muka tashi muna ji. Ya ce madara abinci ce mai kyau, amma ba ta fitar da ƙurar da ta zauna a huhu.

Ƙa'idodin ba su da wuyar faɗa, kiyaye su ne ke da wuya. Ana jiƙa wuri da tankar ruwa kafin a sa shebur, ana rufe bayan kamiyo da tamfol, ana wanke tayoyi, ana auna mota kafin ta fita. Ba a ci, ba a sha, ba a tauna goro ko taba a cikin wurin da aka killace, domin hannu mai ƙura shi ne ke kai abin baki. Ana cire kayan aiki a bar su a can, a yi wanka, a sa kayan gida. Rawani, wanda muka dogara da shi tun kakanni wajen tare yashi, ba ya tare lallausar ƙurar da ke isa can cikin huhu, sai takunkumi mai matata wanda ya kama fuska sosai. A nan ne maganar gemu ta taso, domin gashi yana hana bakin takunkumin manne wa fata, ƙura ta samu hanya ta gefe. Wasu abokan aikina abin ya yi musu nauyi ƙwarai, kuma ban ga laifinsu ba. Wasu suka rage gemun, wasu aka mayar da su aikin cikin rufaffen inji ko wajen shinge. Ni na je na tambayi malaminmu na unguwa, ya ce mini kare rai yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo ta tsare.

Maganar salla ma sai da muka zauna a kanta. Mutumin hamada ya saba idan ruwa ya yi nisa ya bugi ƙasa ya yi taimama, ya yi salla a inda lokaci ya same shi. A wurin aikinmu wannan yana nufin ka shafa gurɓatacciyar ƙura a fuskarka da hannunka, sannan ka ɗora goshi da hanci a kanta. Muka roƙa aka ware mana wuri a wajen shinge, ta ɓangaren da iska ke fitowa, da ruwan alwala da tabarmi waɗanda ba su shiga ciki. Na kawo wannan ne domin littafin ƙa'ida da aka rubuta a wata ƙasa ba lalle ne ya san da taimama ba, kuma idan ma'aikaci bai buɗe baki ya faɗi yadda yake rayuwa ba, jami'in kariya ba zai san inda ƙurar ke bi ta shiga jikinsa ba.

Kowannenmu yana da dozimeta, wato 'yar na'urar da ake ratayawa a jiki tana auna tiririn da mutum ya ɗauka, mai ɗauke da lambar shaidarsa, wadda ake karɓa lokaci-lokaci a kai ɗakin gwaji. Duk sanda sakamako ya fito nakan je in nemi a nuna mini nawa, in kwafe shi a littafi, in kuma roƙi takarda mai hatimi. Da farko ana yi mini kallon mai neman fitina, daga baya aka saba da ni. Abin da ya fi tayar mini da hankali a shekarun nan shi ne ranar da na lura wani yaro matashi yana barin tasa na'urar a cikin mota idan za mu sauka wuri mai zafin awo. Na ja shi gefe na tambaye shi dalili. Ya ce, “Yaya, an ce idan lambarka ta hau za a dakatar da kai, ni kuwa ƙannena biyar.” Na fahimce shi sarai, domin talauci yana sa mutum ya sayar da lafiyar gobe ya sayi tuwon yau. Na ba shi labarin baba da tambayoyin likitan Yamai, na ce masa na'urar ita ce kaɗai shaidar da za ta tsaya masa ranar da ƙarfinsa ya ƙare. Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. A Fukushima ta Japan, inda tashar nukiliya ta yi haɗari, a 2012, an bankaɗo cewa wani ɗan kwangila ya sa ma'aikatansa su rufe na'urorinsu da darma don awon ya yi ƙasa. Ra'ayina shi ne muddin hawan lamba yana nufin rasa albashi, za a ci gaba da ɓoye na'ura, kuma gyaran shi ne a mayar da wanda adadinsa ya hau wani aikin da ba shi da tiriri ba tare da an taɓa kuɗinsa ba.

Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe mahaƙar Akuta bayan ta fitar da kimanin tan 75,000 na yuraniyom. Ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan da ke ƙarƙashin 'yan kwangila, kuma Akokan ta yi shiru irin wanda ban taɓa gani ba. Abin da aka bari a baya shi ne tulin shara mai kimanin tan miliyan 20, shimfiɗe a fili mai faɗin hekta 120. Wannan ita ce dusar da ke saura bayan an niƙa dutse an jiƙa shi da asid an tsame yuraniyom. Mutane da yawa suna zaton tunda an cire yuraniyom ɗin sharar ta zama lami, alhali kuwa mafi yawan tiririn dutsen na asali, wajen kashi 80 cikin 100 ko fiye, yana nan a cikinta, domin radiyom da toriyom ba su bi yuraniyom ɗin zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano da Faransa ba. Radiyom yana ɗaukar shekara 1,600 kafin rabinsa ya ƙare, toriyom ɗin da ke haifar da shi kuma kimanin shekara 75,000. Tsarin da aka sanar shi ne a gyara siffar tulin, a rufe shi da yumɓu da dutsen yashi mai kaurin mita biyu, aikin da aka ƙiyasta zai ɗauki shekara goma.

Na samu shiga wannan aiki a kan injin tura ƙasa, kuma a nan ne na fahimci hikimar yumɓun. Rabin radon yana ƙarewa cikin ƙasa da kwana huɗu, saboda haka idan aka daddaɓe yumɓu ya yi tauri har iskar ta daɗe tana neman hanyar fita, yawancinta za ta mutu a ciki kafin ta iso sama. Dutsen da ke bisa kuma yana hana iska da ruwan sama su zaizaye yumɓun. Sanin haka ya canza yadda nake kallon aikina, domin na gane cewa duk inda na bar daddaɓa ba ta yi kyau ba, na bar wa jikokin wani ƙofa a buɗe. Wahalar ita ce zafi. Azumin 2022 ya faɗo a watan Afrilu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, kuma mutum yana cikin rigar aiki da takalma da takunkumi, maƙogwaro a bushe. A irin wannan rana babu abin da rai ke so kamar a buɗe tagar inji a sha iska, tagar kuwa ita ce katangar da ke tsakaninka da ƙura. Idan guguwa ta taso akan tsayar da aiki, mu zauna muna kallon yadda take ɗibar ƙasa daga ɓangaren da ba a kai ga rufewa ba, kowa ya san gari yana nan kusa.

A ƙarshen wannan shekara na fara tari. Da na ga ya wuce makonni, ga zazzaɓin dare da gumi da rama, sai na ji ƙasa ta juya mini, domin na san wannan hanya, na taɓa raka wani a kanta. Ranar da na ga ɗigon jini a kakina ban faɗa wa kowa ba sai da dare, na tashi maiɗakina. Ta yi kuka, sannan ta tambaye ni abin da ashe ya daɗe yana cin ta: “Baban yara, abin nan yana iya bin jikinka ya kama mu?” Na bayyana mata cewa wanda tiriri ya ratsa ba ya zama mai fitar da tiriri, ƙurar da ke kan tufafi da fata ce kaɗai ake iya kawowa gida, ita kuwa a wurin aiki nake barinta. Kwanakin jiran sakamako su ne mafi tsawo a rayuwata. Na rubuta bashin da ake bina da wanda nake bi, na kira ƙanena na damƙa masa amanar yara, ina kallon ɗana na fari ina lissafa shekarunsa da nawa lokacin da baba ya kwanta.

Gwajin kaki ya nuna tarin fuka ne. Na yi sujada a harabar asibitin. Likitar da ta duba ni ta ce ciwo ne mai magani, wata shida ana shan ƙwayoyi ba fashi, kuma kyauta ake bayarwa, sai dai shi yana yaɗuwa ta numfashi, don haka aka gwada iyalina duka. Da ta tambayi aikina sai na buɗe jaka na ajiye mata littafina da takardun awo na dukan shekarun. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa jimla, ta ce adadina bai taɓa kusantar iyaka ba a kowace shekara, kuma rashin shan taba ya taimake ni ƙwarai. Amma ba ta sallame ni da wannan kaɗai ba. Ta ce, “Malam, ƙurar dutse ko da babu tiriri a cikinta tana raunana huhu, tana kuma sauƙaƙa wa tarin fuka kama mutum, sannan wannan jimla tana nan tare da kai, saboda haka duk shekara ka zo a duba ƙirjinka.” Na fita da sanin matsayina, da abin da ya kamata in ji tsoro da abin da bai kamata ba, kuma a ranar na yi kukan baba fiye da ranar da aka binne shi, domin irin wannan amsa ce aka kasa ba shi.

Na gama magani na warke, amma numfashina bai koma yadda yake ba, kuma likitar ta ba ni shawarar in nisanci aikin ƙura kowane iri. Barin Arlit ya yi mini ciwo, domin can ne garinmu duk da abin da ke cikin ƙasarsa, kuma na bar tulin ba a gama rufe shi ba. Yanzu ina zaune a Tawa, ina tuƙa ƙaramar motar haya, ina zuwa duba ƙirji kamar yadda aka ce. Matasa sukan zo wurina idan sun ji ana ɗaukar ma'aikata a arewa, musamman da ake maganar sababbin wuraren haƙar yuraniyom irin su Dasa da Imuraran. Ba na hana kowa tafiya. Nakan ce su tambaya tun kafin su sa hannu ko za a ba su dozimeta mai lambarsu, ko za a nuna musu sakamako a rubuce, ko akwai wurin wanka da canza kaya, ko za a ɗauki hoton ƙirjinsu a farkon aiki da ƙarshensa, kuma wa zai duba su bayan kwangila ta ƙare. Mai shan taba kuma nakan ce masa ya zaɓa tsakaninta da wannan aiki.

Tambayar ƙarshen nan ce ta fi damuna. A 2011 an kafa tsarin sa ido kan lafiyar tsofaffin ma'aikatan ma'adinai a jihar Agadas, amma kowane tsari irin wannan wanda sunansa ke cikin rajista kuma aka san inda yake shi kaɗai yake iya samu, leburan kwangila kuwa da zarar aiki ya tsaya sai ya watse. Saboda haka na buɗe wani littafin, ina rubuta sunayen waɗanda muka yi aiki tare a tituna da kan tulin, da shekarun da kowa ya yi, da irin aikin da ya riƙe, da garin da iyalinsa suke. Abin yana tafiya a hankali, domin wasu sun tafi haƙar zinariya a Jado da Cibarakatan, wasu sun tsallaka Aljeriya da Libiya, lambobin wayarsu kuma sun daina shiga. Duk wanda na samu nakan roƙe shi ya koma ya nemi kwafin sakamakon awonsa tun ofisoshin da ke riƙe da su suna nan, ya kuma ba matarsa ko babban ɗansa kwafi ɗaya su ajiye.